Cigiyar Mai Kyauta

Wasu matan unguwarmu a Arkilla kiwon kaji suke yi, wasu ɗinki, wasu sayar da turaren wuta. Ni tsofaffin kwamfutoci nake kiwo. Da safe ina aiki a wani ofis da ke Sama Road, in na dawo na sauke tukunya sai in shimfiɗa tabarma a falo, in jawo ɗaya daga cikinsu in kwance mata ciki. Yawancinsu 'yan'uwa da abokan aiki ne suka ba ni bayan sun gaji da su. Maigidana yana kiran kusurwar da nake jera su ɗakin gawa. In ya ga wata ta kawo haske sai ya leƙo ya ce, ashe suma ta yi.

Gaskiyarsa, yawancinsu suma ce. Abin da ke kayar da su shi ne babbar manhajar da ke tuƙa su, wadda kullum ƙara nauyi take yi, kamar a yi ta ƙara wa tsohon jaki kaya. Ga kuma zafin Sakkwato. Fanka ta yi ta kuka a cikin kwamfuta har ta gaji, sai ka ga fuskar ta yi baƙi. Da na shiga bincike na gano akwai wasu manhajoji marasa nauyi, dangin Linuks, waɗanda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar su a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara yadda ya ga dama. Sai in sauke ɗaya a filashi, in share tsohuwar, in ɗora sabuwar. Kwamfutar da a da sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba, sai ta koma tana tashi kafin ka gyara zama.

Ina da ɗan shafi a intanet inda nake rubuta abin da na gwada, da Hausa. Wadda ta yi aiki in faɗa, wadda ta ƙi gane lasifika ko ta cinye batir ita ma in faɗa. Masu karantawa ba su da yawa, kuma ban taɓa damuwa ba. Akwai wani bawan Allah da duk abin da na rubuta tambayarsa ɗaya ce a ƙasa, ko ina gyaran waya. A wannan shafin, tun farkonsa, duk inda na zo bayanin waɗannan manhajoji sai in rubuta cewa kyauta ne. Babu wanda ya taɓa tsayar da ni a kan kalmar.

Mahaifina malami ne a cikin gari. Ba shi da makarantar yara, manya yake karantarwa, yawanci 'yan kasuwa masu hatsi da masu atamfa da ke zuwa zaurensa bayan la'asar, kowa da littafinsa a hammata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. A shekarun da nake ba da labari idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa a hankali, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kuma sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani. Baba ya ce Alhamdu lillahi, ya ci gaba da karatunsa da wani gilashin ƙara girma mai baƙin mariƙi da ya zo da shi daga aikin hajji. Gilashin nan yana cikin 'yar jakar fata a aljihun gabansa. Ko jikokinsa da yake bari su hau masa wuya ba su isa su taɓa shi ba.

A lokacin suna tsakiyar wani babban littafin fiƙihu, irin mai rawayar takarda, matani a tsakiya, sharhi a zagaye da shi a gefe da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Matanin yana kansa tun yana saurayi. Sharhin ne sai ya gani, kuma shi ne gilashin ya fara gazawa a kai. Burinsa ya sauke wa mutanensa littafin nan da idonsa, ya faɗa ba sau ɗaya ba.

Yayana ne ya fara kawo dabarar kwamfuta. Ya sayo wata a kasuwa ya kai masa, ya nuna masa yadda rubutu ke girma. Baba ya tambaye shi abin da ke cikinta shi ma sayensa ake yi? Yaya, da yake bakinsa ba ya da birki, ya ce ai tsada gare shi, amma mai gyara ya fasa makullin ya sa masa. Baba ya ce, "An hwasa makulli? To ɗauke mani ita." Ko ruwa Yaya bai tsaya sha ba. Daga baya ya yi alkawarin zai sayo sabuwa dal mai takardar saye in an biya su wani haƙƙi a wurin aiki. Har yau ana jiran haƙƙin.

Ni kuwa na ga wannan aikina ne. Na ɗauko 'yar kwamfutata ta farko, wadda na saya da albashina lokacin da na fara aiki, don kada a ce ko gangar jikin akwai shakka a kanta. Na sa mata mafi sauƙin manhajar da na sani, na cire duk abin da Baba ba ya buƙata, har ta zama da an kunna ta littafin kawai take buɗewa. Na ari littafin daga wajen wani ɗalibinsa, na bi shi shafi-shafi ina ɗauka da waya a kan tabarmata. Na juya launin ya zama farin rubutu a kan baƙi, don farin haske yana kashe masa ido. Madannai biyu kaɗai na bar masa, ɗaya na ƙara girma, ɗaya na buɗe shafin gaba, na ɗiga wa kowanne ƙaro ya bushe don yatsa ya gane su ba sai an duba ba. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa haɗa abin da ya kai shi kyau ba.

Wata Asabar da hantsi, cikin bazara, na hau keke napep na kai masa. Ban yi dogon bayani ba, na ajiye ta a gabansa a kan buzu na kunna. Sharhin ya fito, kowane harafi ya kai girman babban yatsa. Baba ya sunkuyo. Na ga leɓɓansa suna motsi, ya karanta layi ɗaya da rabi a bayyane, ba gilashi, ya ɗan yi murmushi kamar wanda ya haɗu da tsohon aboki a kasuwa. Sai ya ɗago.

"Uwata, abin cikinta nawa kinka saye?"

"Ba a saye, Baba. Kyauta ta."

"Madalla. Wa yab ba ki?"

Na ce mutane ne da yawa, a ƙasashe da yawa, kowa ya rubuta ɗan abin da ya iya.

"Kin san su?"

"A'a."

"Su sun san ki?"

"A'a, Baba."

"To ƙaƙa wanda bai san ki ba za shi ba ki kyauta? Kyauta sai da mai bayarwa da mai amsa. Abin da kinka iske bisa hanya ba ki san mai shi ba, sunanai tsintuwa. Tsintuwa kau sai an yi cigiya."

Ya miƙa hannu ya rufe kwamfutar da kansa, a hankali, yadda yake rufe littafi.

Na sha tunanin da wata kalma na zaɓa ranar nan, ko da abin ya zo da sauƙi. Ba na tsammani. Duk kalmar da na kawo, Baba zai juya ta ya duba ƙasanta. Washegari na buga lasisin manhajar a takarda, wato sanarwar da masu ita suka rubuta cewa kowa ya yi amfani, na zauna na fassara masa layi-layi. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Sannan ya ce takarda ba ta cewa na ba ka, kuma wanda ya fasa makulli shi ma ya iya rubutu. Abin da yake so bai da yawa. Mutum guda daga cikinsu, mai rai, ya ce ya ba shi, shi ke nan ya karɓa.

Haushi ya kama ni, na faɗi abin da ban saba faɗa masa ba. Na ce, "Baba, idon ga ba ya jira."

Ya ce, "Na hi ki sani, Uwata. Nawa na."

Haka na ɗauko kayata na dawo Arkilla. Mai keken da ya ɗauko ni ya yi ta ba ni labarin tsadar mai, ban ji rabinsa ba.

Na fara cigiya daga shafina. Na rubuta abin da ya faru, na tambaya ko akwai wanda ya san wani daga cikin masu rubuta irin wannan manhaja. Amsa biyu na samu. Wani ya ce Allah ya ba Malam lafiya. Ɗayan mutumina ne, yana tambaya ko ina gyaran waya.

Sai na tafi dandalin masu manhajar, inda ake magana da Turanci. A nan na sha wuya kafin in iya bayyana tsintuwa da cigiya ga mutanen da ba su taɓa jin su ba. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na ce kawai mahaifina dattijo ne mai tsoron Allah, idonsa yana tafiya, ba zai yi amfani da abu ba sai mai shi ya ce ya ba shi, don Allah wani ya ce. Na ɗauka kafin magariba za a gama.

Wasu sun ɗauka wasa nake yi, suka yi dariya suka wuce. Wani ya turo mini lasisin da na riga na fassara, har da ja wa wani layi layi a ƙasa. Wani ya ce in gaya wa Baba ya ba shi, da na tambaye shi wane ɓangare ya rubuta sai ya ce shi ma mai amfani ne kamar ni. Mutum biyu suka kama gardama a ƙarƙashin tambayata a kan ko manhajar kyauta ce ko 'yantacciya ce, suka yi ta yi har sati ya zagayo, babu wanda ya ƙara ambaton tsohon. Daga baya mai kula da dandalin ya ɗauke tambayar ya mayar da ita sashen hirar banza. Ban ga laifinsu sosai ba. Mutane ne da suka ba da abinsu tun da daɗewa suka wuce, ba su taɓa zaton wani zai tsaya a ƙofa yana sallama ba.

Na bi wata hanyar. A cikin 'yar manhajar da ke nuna shafukan littafin akwai inda aka jera waɗanda suka yi aikinta, wasu da adireshin saƙo. Na bi su ɗaya-ɗaya na rubuta musu. Wasu saƙonnin suka dawo mini, adireshin ya mutu. Sauran suka tafi shiru.

Damina ta sauka. Kwamfutar tana kan kabad a falona, lulluɓe da ɗankwali. Duk Asabar ina zuwa gaida Baba, kuma ina lura da gilashin. Da farko yana riƙe shi kusa da takarda, sai ya koma kusa da fuskarsa, sai ya fara karkatar da kai yana duba da gefen ido. Daga baya na ji ɗaya daga cikin ɗalibansa, wani mai sayar da gero, shi ke karanta sharhin a bayyane, Baba yana gyara masa wasali. Bai taɓa tambayata labarin cigiya ba, ni ma ban tayar ba.

Yaya ya kawo shawara. Ya ce a samo wani abokin aikina mai iya Turanci, a kira shi a waya a gaban Baba, ya ce shi ne mai manhaja kuma ya bayar. Na juya maganar a raina, har na zaɓi wanda zai iya. Amma na san Baba. Tambaya uku zai yi mutumin ya fara in'ina, daga nan kuma ko ruwa na kawo masa sai ya tambayi rijiyar. Na ce wa Yaya ya bari.

Sai bayan an yanke gero amsa ta zo. Ina ofis na gan ta, a tsakiyar tarkacen saƙonnin talla. Wata tsohuwa ce, ta ce a da malamar lissafi ce, ta yi ritaya, a wata ƙasa mai sanyi. Ta ba da haƙuri, ta ce ta daɗe ba ta buɗe wannan akwatin ba. Ta ce ita ta rubuta ɓangaren da ke ƙara girman shafi, shekaru da yawa da suka wuce, don mijinta da shi ma idonsa ya yi rauni. Ta ce in gaya wa mahaifina ta ba shi, da zuciya ɗaya. Ba za ta iya magana da bakin sauran ba, amma ta san da yawansu, kuma duka sun ajiye aikinsu a kan sharaɗi guda: kowa ya ɗauka, kada wanda ya kulle shi, wanda kuma ya ƙara gyara ya bar wa na baya.

Ban jira Asabar ba. Na nemi izini a ofis, na biya gida na ɗauko kwamfutar, na isa kafin la'asar, zauren babu kowa sai shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce an samu mai ita. Na fassara masa saƙon. Ya ce in maimaita wajen sharaɗin, na maimaita.

Ya ce, "Ai wanga waƙahi na, abin da anka aje don amfanin kowa. Da tun hwarko haka kinka ce, Uwata." Ya ɗan yi dariya. "Amma gara da munka ji daga bakinta. Ki ce mata na amsa. Mijin nata shina nan?"

Na ce ba ta faɗa ba.

Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, ita da mijin da sauran waɗanda ba mu sani ba, ya roƙa musu shiriya da lafiya da kyakkyawan ƙarshe. Na shafa. Sannan ya ce, "To kawo ta."

Na ajiye ta a kan buzu na kunna. Na riga na saita ta ta buɗe a daidai shafin da ya tsaya ranar farko, na kuma ƙure girman rubutun. Ya sunkuyo kamar wancan karon. Ya lalubo madannan da yatsa har ya ji ɗigon ƙaron, ya danna. Sai dai na buɗe shafin gaba ya samu, kuma bai ɗaga yatsan ba. Ina kallo shafuka suka yi ta gudu, babi bayan babi, har suka ƙare. Ta tsaya a kan hoton ƙarshe, wanda na ɗauka bisa kuskure na manta ban goge ba: gefen tabarmata da babban yatsana. Babu harafi ko ɗaya a jikinsa.

Baba ya gyara murya, yana fuskantar hasken, ya fara karatu. Matanin ya ɗauko da ka daga daidai inda muka rabu cikin bazara, a nitse, ba gargada, yana ɗan bin fuskar kwamfutar da yatsa daga dama zuwa hagu. Ya yi kamar rabin shafi. Ina durƙushe a gefensa, ban gyara hoton ba. Baƙin ciki ya cika ni, kuma ban san wa zan ɗora wa ba.

Da ya kai aya ya ce, "Madalla. Aiki ya yi kyau." Ya rufe ta a hankali. Sai ya sa hannu a aljihun gabansa ya zaro 'yar jakar fatar nan, ya miƙo ta wajen da ya ji muryata.

"An aiko ki da kyauta, kin kawo. Ga tukuicinki."

Na ce, "Baba, gilashinka na."

"Na sani. Amshi."

Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya yadda ake yi. A waje na ji takun ɗalibansa sun fara isowa, mai geron nan yana sallama. Baba ya ce in bar kwamfutar a nan, tasa ce, kuma kada in manta da sharaɗin matar.

Ban manta ba. A cikin satin na rubuta a shafina duk yadda na haɗa ta, da juya launin, da madannai biyun, har da ɗigon ƙaron, na kuma ƙara gyara guda: ko an danne yatsa, shafi ɗaya kawai za ta buɗe. Na bi tsofaffin rubuce-rubucena na cire kalmar kyauta duk inda na same ta, na sa waƙafi. Na aika wa tsohuwar cewa ya karɓa ya kuma yi mata addu'a. Sauran ban gaya mata ba.

Sun sauke littafin a shekarar da ta biyo, mai geron yana karanta sharhi, Baba yana fassara. Kwamfutar tana zauren har yanzu a kan tarin littattafansa, yakan sa a goge mata ƙura. Gilashin yana cikin akwatin kayan aikina tare da sukundireba. Da shi nake duba ƙananan kusoshi in na kwance kwamfuta, don nawa idon ma ya fara neman taimako.